Abin da Ke Numfashi a Cikin Mukayyif

Ban iya rubutu ba. Maƙwabciyata ce take rubuta wannan ina faɗa mata, kuma na roƙe ta in kuka ya zo mini ta ajiye alƙalami ta jira ni.

Mijina, Allah ya jiƙansa, direba ne. A Jazira aka haife mu ni da shi, iyayenmu masu tsinkar auduga ne a gonakin mutane. Da muka taso Khartum muka zauna a unguwar Alsahafa, ya yi shekaru yana jan motocin wasu a kasuwar Suk al-Shabi. A farkon mulkin sojoji, lokacin da mutum kan wuni a layin mai ya dawo da galan ɗaya, sai Allah ya ba shi tasa. Farar mota ce ƙarama, ta hannu, mai mukayyif, wato na'urar da ke sanyaya cikin mota. Don mukayyif ɗin ya saye ta. Manyan 'yan Kasuwar Libiya ta Umdurman ba sa son su sauka a Khartum jallabiya ta manne musu a baya, mota mai sanyi suke nema ta kai su ta dawo da su.

A hannun wata mata ya saye ta a Umdurman. Mijinta ma'aikacin ofis ne. Wata rana da hantsi wasu mutane suka tsayar da shi a bakin titi suka ce ya fito ya bi su, magana ce ta ɗan lokaci. An samu motar a wurin, ƙofa a buɗe, mukayyif yana ta hurawa. Shi bai dawo ba. A wancan zamani ba a bin sawun irin wannan, wanda ya bi ma yakan bi shi ne har can. Matar ta jira har abin da ke ɗakinta ya ƙare, sannan ta sayar da motar.

Ranar da maigida ya kawo ta gida aka yi karama, wato sadakar godiya. Aka yanka rago a ƙofar gida, ya tsoma tafin hannunsa a jinin ya manna a bayan motar, kamar yadda mutanen ƙasar nan suke yi mu ma muka koya. Ni wannan bai ishe ni ba. Motar da aka fitar da mai ita daga cikinta, ga mijina zai riƙa bin tituna iri ɗaya da shingaye iri ɗaya. Sai na je wurin wani malami namu, jikan alhazan da suka taho daga ƙasar Hausa a ƙafa suka tsaya a nan, na ce ya yi mini layar tsari. Ya ɗinke ta a jar fata, ba ta kai akwatin ashana girma ba. Ya ba ni sharaɗi biyu. In sa ta inda ido ba ya gani amma iska tana ratsawa. Kuma kada in faɗa wa kowa, har mai motar. Ya ce ranar da bakina ya ambace ta, ranar ta zama fata da takarda kawai.

Na yi kwana biyu ina tunanin wurin. Ranar Juma'a maigida ya tafi masallaci a ƙafa, ya bar motar a inuwar darbejiyar ƙofar gida. Na ɗauki makulli na shiga. Idona ya faɗa kan 'yan tagogin nan na gaba da sanyi ke fitowa ta cikinsu, ɗaya haƙoranta biyu sun karye. Na ce ai ga wurin. Na cusa layar, ta maƙale. Na koma madafa na ɗauko maburgi, na tura ta da kansa har na ji ta faɗa can ƙasa. Na kulle mota na mayar da makulli, zuciyata fari ƙal.

Washegari ya dawo da azahar, bai ko nemi ruwa ba.

Ya ce, “Ke 'yar Jazira, zo ki ji wani abu.”

Haka yake kirana in yana cikin raha, amma ranar babu raha a fuskarsa. Muka shiga mota, ya rufe gilasai, ya tayar da inji ya kunna mukayyif a ƙarami. Da farko sanyi ne kawai. Can sai na ji shi. Kamar tsoho mai mura yana barci a ɗakin da ke kusa: ya ja numfashi a hankali, ya riƙe, ya sake. Ya ja, ya riƙe, ya sake. Maigida ya ƙara wa fanka ƙarfi, sai numfashin ya koma kamar ana kankare ƙwarya da farce. Ya mayar ƙarami, numfashin ya dawo.

Ya ce, “Bai ƙare ba. In na sha kwana hagu, sanyin ɗaukewa yake, wani zafi ya bugo ni kamar na leƙa kan kaskon da kike toya kisira. In na miƙe sai ya dawo. Kuma shinshina.”

Na shinshina. Warin jiƙaƙƙiyar fata ne, irin na takalmin da mutum ya wuni da shi a ƙafa.

Na san abin da na yi. Amma na ce ƙila ƙura ce.

Ya fara da abin da ya sani. Ya ciro fis ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga su a rana. Ya matsa bel da babban yatsa ya ce bai saki ba. Ya wanke ƙaramin lagireton nan na gaba da ruwan randa, ƙwari da ciyawa suka fito. Ya bi wayoyi da hannu har inda hannunsa ya tsaya. Numfashin bai fasa ba.

Sai ya ce za mu wurin usta. Usta shi ne abin da ake kiran babban makanike a nan. Wannan abokinsa ne tun suna yara a Jazira, aikinsa firji da mukayyif, rumfarsa tana cikin masu gyaran mota a Umdurman. Na ce zan bi shi in sayi atamfa a Kasuwar Libiya. Ba atamfa nake so ba, tsoro nake ji kada a gano a bayan idona.

Usta ya fito yana goge hannu ya ce, “A'a, yau har da Hajiya? Ke kika lalata masa mota ke nan, kika biyo ki ji hukunci.”

 Na ce, “Ni da ko ƙofarta ban iya buɗewa ba, Usta.”

“To shi ne. Mutumin da ya saba da akwala, an ba shi abin manya ya rasa inda zai taɓa.”

Maigida ya ce, “Kai dai duba, ka bar surutu. Numfashi take yi.”

“Kowa ma numfashi yake yi.”

Ya ɗaura agogunansa biyu na auna gas, masu tiyo ja da shuɗi, ya dube su ya ce gas a cike yake. Ya kaɗa ruwan sabulu ya shafa a duk mahaɗar bututu, ya tsuguna yana jiran kumfa, ba ta taso ba. Ya sa maigida ya kunna ya kashe, ya kunna ya kashe, yana sauraron kwamfiresa tana kamawa, ya ce lafiyarta ƙalau. Ya kama bututu ɗaya ya ce sanyi, ya kama ɗaya ya ce zafi, haka ake so. Sannan ya shiga ciki ya zauna, ya kara kunne a tagogin.

Shiru. Sanyi mai daɗi, babu ko ƙyas.

Ya ce, “Motarka kunyata take ji.”

Maigida bai yi dariya ba. Usta ya dube shi, ya rage murya ya ce in dai akwai abu, to yana can cikin akwatin iska ne a bayan allon gaba, inda fanka take da wata 'yar ƙofa mai raba iskar zafi da ta sanyi. Ya ce kafin a kai wurin sai an kwance gaban motar gaba ɗaya, kuma robar ta tsufa rana ta cinye ta, abin da aka kwance ba lalle ya koma ba. Ya ce shi da zai ba da shawara, a bar ta.

Muna hawa gada a hanyar komawa, ga ruwan kogi fari shimfiɗe a ƙarƙashinmu, numfashin ya dawo. Maigida bai dube ni ba. Ya ce a hankali, “Kin gani? Ba ya son baƙo.”

Ranar ce ya fara cewa “ya” maimakon “ta”.

Daga nan abubuwa suka riƙa zamewa. In ya ɗauki fasinja ba ya kunna mukayyif, sai ya ce ya lalace. Wani ɗan kasuwa ya matsa masa ya kunna, da numfashin ya fara mutumin ya ce a sauke shi nan take, a tsakiyar rana, ya gwammace ya tari bas. Magana ta zaga kasuwa. Waɗanda suka saba aiko masa suka daina. Shi kuma bai damu ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya rage cin abinci. In na ajiye masa kisira da miyar kuɓewa sai ya gutsura sau biyu ya ture. Jallabiyarsa ta fara yi masa yawa a kafaɗa.

Wata rana da tsakar rana, lokacin da unguwa take mutuwa kowa ya shige ɗaki, ko akuya ba ta motsi, na farka daga ƙailula ban gan shi a kan gado ba. Na leƙa waje. Yana cikin mota a ƙarƙashin darbejiya, gilasai a rufe, inji yana cin man da ya wuni a layi kafin ya samu. Ya matsa ya zauna a kujerar fasinja, ya bar ta direba babu kowa. Bakinsa yana motsi.

Na buɗe ƙofar baya na shiga. Bai juyo ba.

Yana cewa, “Ka yi haƙuri, bawan Allah. Ban san inda suka kai ka ba. Da na sani da na faɗa mata.”

Numfashin ya ja, ya riƙe. Ya daɗe a riƙe. Sai da maigida ya rufe baki sannan ya sake.

Ni na tura layar nan da hannuna. Na san girmanta, na san launin zaren da aka ɗinke ta da shi. Duk da haka na kasa duban kujerar direban.

Ya ce, “Yana jin magana. In na yi sallama sai ya tsaya.”

Na ce, “Malam, fito ka sha shayi.”

“Ke ba ki ji ba ne?”

“Na ji. Fito.”

Ba zama na yi ba. Na koma gidan malamin, aka ce ya tafi Gadarif ba a san ranar dawowarsa ba. Wata Juma'ar na lanƙwasa waya na zura ta tagar ina lalube, na ji na taɓa abu, sai ya ƙara zurmawa. Daga ranar zafin ya daina jiran kwana, yana zuwa duk lokacin da ya ga dama. Kullum in na shimfiɗa sallaya sai in ce yau zan faɗa masa. Sai kuma ya dawo ya ce an tsayar da su a shinge, an sauke mutum biyu daga motar gabansa, shi an ɗaga masa hannu ya wuce. Sai in ce a raina, kin gani, tana aiki. In kin buɗe baki, gobe shi za a sauke. Haka na riƙa kallon mijina yana ƙarewa a gabana, ina riƙe da maganinsa a baki ina tsoron furtawa.

Ranar da abin ya kai ƙarshe, da safe ne bayan shayi. Na ga ya sa farar jallabiyarsa ta Idi, yana naɗa rawani a gaban madubi.

Na ce, “Ɗaurin aure?”

Ya ce a'a. Ya ce ya gane abin da mutumin, mai motar na farko, yake so. So yake a tambaya. Ya ce akwai wani gida da direbobi suke nuna wa juna da ido in sun wuce, marar allo a ƙofa, can zai je ya faɗi sunan mutumin ya ce yana neman labarinsa, ko a raye ko a mace, don ya kai wa matarsa.

Na ce, “Wanda ya shiga can da tambaya, ka taɓa ganin ya fito da amsa?”

“Ni tsoho ne, me za su yi da ni?”

“Shi ma ba su ce za su yi wani abu da shi ba.”

Ya ɗauki makulli. Na riga shi zuwa ƙofa na tsaya a bakinta. Tunda aka kawo ni gidansa ban taɓa tare masa hanya ba.  Na ce a raina, ya Allah, in na yi shiru yau zai tafi, in na yi magana na tuɓe masa rigar da na sa masa. Sai na ji bakina ya buɗe.

Na ce, “Babu kowa a cikin motar nan. Laya ce. Ni na sa.”

Na faɗa masa duka, malamin da jar fatar da sharaɗin. Ya tsaya yana kallona kamar da wani harshe nake magana. Ya koma ya zauna a bakin gado, ya kwance rawanin ya ɗora a cinya. 

Sannan ya ce, “Da me kika tura ta?”

Na ce, “Da maburgi.”

Ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa suna girgiza. Har yau ban san dariya yake ko kuka ba.

A ranar muka koma wurin usta. Da ya ji labari sai da ya zauna a kan tsohon firji don dariya. Ya ce, “Ashe ranar nan gaskiya na faɗa ban sani ba. Hajiya, ni shekara nawa ina wannan aiki, ban taɓa tunanin in tambayi matar mai mota ba. Daga yau da ita zan fara kafin in ɗaura agogo.”

Ya wuni yana kwancewa. Ya jera sukurori a cikin murfin gwangwani, ya ciro rediyo, ya sassauta sitiyari, ya ɗaga allon gaba a hankali yana roƙonsa kada ya tsage. Ina zaune a kan benci a inuwar rumfa. Wajen la'asar ya kai ga baƙin akwatin, ya buɗe, ya zura hannu.

Ya ce, “Ga amanarki, Hajiya.” Ya miƙo mini jar layar, ta jiƙe ta kumbura. Ya nuna wa maigida inda ta tokare 'yar ƙofar, ta hana ta rufuwa, shi ya sa in mota ta karkata zafin inji yake kutsowa.

Maigida ya ce, “To numfashin fa?”

“Bari in duba fankar.”

Ya sake zura hannu har gwiwar hannu. Sai na ga fuskarsa ta canja. Ya zaro hannun a hankali ya buɗe. Wata laya ce, baƙa, tsohuwa, fatar ta bushe ta yi ƙarfi, gefe ɗaya ya siɗe ya yi sheƙi inda fanka ta riƙa gogarsa.

Ya ce, “Biyu kika sa?”

Na ce, “Ɗaya.”

 Can usta ya ce, da murya ƙasa ƙasa, da alama ta daɗe a maƙale a cikin bututun ba ta damun kowa, sai da tawa ta zo ta ture ta ta faɗa kan fanka. Ya ajiye ta a kan benci kusa da ni, ya goge hannunsa a riga sau da yawa. Bai sake yin wasa ba har ya gama ɗaurawa. Da aka kunna, sanyi ya fito shiru, a ƙarami da babba, a miƙe da kan kwana.

Ni na ce a kai wa matar da ta sayar da motar baƙar layar. Maigida ya tsaya a mota, na shiga ni kaɗai. Na same ta a tsakar gida tana tsince wake, doguwa ce siririya, ta girme ni kaɗan. Muka gaisa da Larabci, ta kawo shayi. Na kwance bakin mayafina na ajiye baƙar layar a kan tire, na ce a cikin mukayyif aka same ta.

Ta dube ta. Ba ta ce tata ce ba, ba ta ce ba tata ba ce. Ta miƙa hannu ta ɗauke ta da sauri ta tura cikin ƙirjinta, ta gyara tufa a kai. Na buɗe baki zan ce ni ma na sa irinta, sai ta ɗaga mini yatsa.

Ta ce, “Sha shayinki, 'yar'uwa, zai huce.”

A nan na gane. Sharaɗin da aka ba ni shi aka ba ta, kuma ita har ranar ba ta karya ba. Tana riƙe da bakinta saboda mutumin da aka tafi da shi tun kafin in san akwai motar a duniya.

Da ta rako ni ƙofa ta hango motar a bakin titi. Ta tsaya tana kallo.

Ta ce, “Yana sanyi sosai yanzu?”

Na ce yana yi.

Ta ce, “Madalla. Ba ya son zafi.”

Maigida ya warke. Cin abincinsa ya dawo, 'yan kasuwa suka dawo, har ya riƙa ce wa abokansa in motarsu ta lalace su fara ƙirga kayan madafa. Ya ce in mayar da jar layar wani wuri, na ce ba ta da amfani yanzu, na ambace ta. Ya ce Allah ne mai tsari. Na ce haka ne.

'Yan shekaru muka ƙara tare. Wata safiya ya ɗauki mutane zuwa Madani, taya ta fashe a hanya, motar ta juya. Fasinjojin duk sun fita da raunuka. Shi kaɗai ne bai tashi ba.

Kowa ya ce mini kwana ne ya ƙare, ni ma haka nake cewa, kuma na yi imani da shi. Na san da na yi shiru a safiyar nan da ya fita da rawaninsa ya tafi gidan da ba a dawowa. Na san matar Umdurman ta yi shiru, nata bai dawo ba. Duk na sani. Amma ni ce na tsaya a bakin ƙofa na furta, kuma tun da aka shigo da shi a naɗe ban yi sallar da ban tambayi Allah ba ko da wata hanyar da ban gani ba a ranar. Na tsufa, idona ya tafi, har yanzu ina tambaya.